Awa 55 a Mako: Abin da Rashin Hutu Ke Yi wa Jikin Mai Nema

A watan Mayu na shekarar 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da sakamakon wani bincike na haɗin gwiwa, wanda ya ƙiyasta cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum 745,000 ne suka rasu a faɗin duniya sakamakon yin aiki na awa 55 ko fiye a kowane mako. Daga cikinsu, 398,000 shanyewar ɓarin jiki ce ta yi ajalinsu, sauran 347,000 kuma ciwon zuciya ne, irin wanda toshewar jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini ke haifarwa. Binciken ya nuna cewa mai yin irin wannan dogon aiki ya fi mai yin awa 35 zuwa 40 haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100, haɗarin mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17 cikin 100. Awa 55 na iya zama abin mamaki ga ma'aikacin ofis, amma yaron shagon da ke buɗe ƙofa da ƙarfe takwas na safe a Kantin Kwari, ya rufe dab da magariba, kwana shida a mako, ya riga ya haura wannan adadi, ballantana direban babbar mota ko mai tuyar ƙosai da ke hura wuta tun asuba. Hausawa kan ƙarfafa wa juna gwiwa da cewa wuya ba ta kisa, sai dai waɗannan alƙaluma sun nuna cewa wuyar da ba a tsagaita mata tana da hannu a ajalin mutane masu yawa.

Dalilin haka yana cikin yadda aka gina jikin ɗan Adam. Duk sa'ad da mutum ya fuskanci aiki mai matsi, ƙwaƙwalwa takan umurci wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda su saki sinadaran adiranalin da kotisol a cikin jini, waɗanda ke hanzarta bugun zuciya, su ɗaga hawan jini, su kuma ƙara yawan sukarin da ke yawo domin tsoka ta sami abin ƙonawa. Wannan shiri ne mai amfani, amma na ɗan lokaci ne, domin an tsara shi ne ya sauka da zarar buƙata ta wuce, sa'an nan wani ɓangare na jijiyoyi ya karɓi ragama, ya sassauta zuciya, ya mayar da hankalin jiki ga narkar da abinci da gyaran tsoka da ƙarfafa garkuwa. Idan aiki ya bi aiki ba tare da tazara ba, jini yakan daɗe a sama fiye da kima, bangon jijiyoyi ya riƙa shan matsi yana kauri, har abin da ya fara a matsayin gajiyar yini ya rikiɗe ya zama hawan jini na dindindin. Mafi munin abin shi ne cutar hawan jini ba ta cika yin sallama ba, shi ya sa ake yawan jin labarin ɗan kasuwa mai jini a jika da ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar ciniki.

Barci shi ne babban ginshiƙin wannan gyara, kuma masana sun yi ittifaƙi cewa baligi na buƙatar aƙalla awa 7 a kowane dare. Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adinosin yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa, taruwarsa ce ke kawo nauyin ido, kuma barci ne ke rage shi. Sinadarin kafin da ke cikin goro da shayi da kofi ba ya kawar da adinosin, iyakarsa ya toshe wuraren da yake maƙalewa, ta yadda mutum zai daina jin gajiyar alhali tana nan tana ƙaruwa. Haka abin yake ga gadagi da wasu masu aikin ƙarfi ke sha a Kano, kuma lamarin ya fi muni ga taramol, wanda asalinsa maganin kashe zafin ciwo ne daga dangin ofiyam, mai kama mutum har ya kasa rabuwa da shi. Binciken shan ƙwaya da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 ne ke shan irin waɗannan magunguna ba bisa umurnin likita ba, kuma duk wanda ya san tasha da wurin haƙar ma'adinai ya san cewa da yawa sun fara ne domin su jure aikin da jiki ya riga ya ce ya isa. Gwaje-gwajen da aka yi a Ostareliya sun nuna cewa wanda ya yi awa 17 a farke, hankalinsa da saurin hannunsa sun yi daidai da na wanda ya sha barasa har ta kai ma'aunin da ƙasashe da dama ke hana tuƙi da shi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, saboda haka gyangyaɗin daƙiƙa uku tsakanin Kaduna da Zariya na nufin mota ta yi tafiyar fiye da mita 80 ba mai riƙe da ita.

Hujjar da masu gida suka fi kafawa ita ce ƙarin awa ƙarin riba ne, amma an daɗe da gwada wannan zance aka ga iyakarsa. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, masana'antun harsashi na Birtaniya sun tsawaita aiki har wasu ma'aikata, akasarinsu mata, suna yin awa 70 ko fiye a mako ba hutun Lahadi, lamarin da ya sa gwamnati ta kafa kwamitin duba lafiyarsu a 1915. Lokacin da masanin tattalin arziki John Pencavel na Jami'ar Stanford ya sake nazarin alƙaluman kwamitin kusan shekara 100 bayan haka, ya gano cewa abin da ake samarwa yana tafiya daidai da yawan awoyi ne har zuwa wajen awa 49, daga nan amfanin kowace ƙarin awa ya fara raguwa, har ta kai abin da aka samar a awa 70 bai bambanta sosai da na awa 56 ba. Ya kuma gano cewa hana hutun rana ɗaya a mako shi kansa yana rage yawan abin da ake samarwa. Manomin da ke barin gona ta yi saura domin ƙasa ta dawo da ƙarfinta ya fahimci wannan lissafi tun kafin a rubuta shi.

Dokoki sun biyo baya. Yarjejeniyar farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da ita a 1919 ta ƙayyade aikin masana'antu a kan awa 8 a rana da awa 48 a mako, ta 1921 kuma ta tanadi hutun awa 24 a jere cikin kowane kwana bakwai. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta ɗauki wannan hutu na mako, ta ƙara da hutun aƙalla awa ɗaya ga wanda zai yi aikin awa shida ko fiye a yini, da hutun shekara na aƙalla kwana shida na aiki tare da cikakken albashi ga wanda ya cika wata 12. Kwana shida kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da mako uku da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1970 ta tanada. Amma babbar matsalar ta wuce yawan kwanakin, domin alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya suna sana'o'in da ba su da rajista ko takardar ɗaukar aiki. Mai adaidaita sahu da zai kai balas kowace yamma, da lebura mai dako da ake biya bisa yawan buhu, da yarinya 'yar aiki da ke kwana a gidan da take wa bauta, babu wanda doka ta isa gare shi a aikace. Haka ma matar gida, wadda aikinta ba shi da lokacin tashi kuma ba a ma lissafa shi a cikin aiki.

Ga waɗanda ke da hutun a rubuce, binciken masana halayyar ma'aikata ya nuna cewa amfaninsa ya rataya ne a kan cire zuciya daga aikin, ba barin wurin aikin kawai ba. Wanda ya tafi ƙauye hutu amma wayarsa na ta kawo saƙon ofis ta WhatsApp, jikinsa na ci gaba da sakin sinadaran matsi kamar yana kan teburinsa, abin da ya sa Faransa ta fara aiki da wata doka a 2017 da ke tilasta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su tattauna da ma'aikatansu kan ƙa'idar amsa saƙo bayan an tashi. An kuma lura cewa daɗin jiki da ake dawowa da shi daga dogon hutu yakan gushe cikin 'yan makonni, saboda haka hutun shekara, komai tsawonsa, ba ya maye gurbin barcin kowane dare da ranar hutun kowane mako.

A nan ne tsohon tsarin rayuwar ƙasar Hausa yake da abin koyarwa, domin hutunsa gajere ne kuma mai maimaituwa. Manomi kan fita da sassafe ya dawo idan rana ta take, ƙailula kafin azahar ko bayanta al'ada ce da addini ya ƙarfafa, makarantun allo kan ajiye karatu ranakun Alhamis da Juma'a, kasuwannin ƙauye kuma sau ɗaya ko biyu suke ci a mako. Rayuwar birni da tsadar abinci sun cinye mafi yawan waɗannan tazarori, kuma ba adalci ba ne a ɗora wa mai neman na cefanen yini laifin rashin hutu, tun da ranar da ya huta ita ce ranar da tukunya ba za ta hau wuta ba. Mutum ɗaya ba zai iya rufe shago alhali maƙwabcinsa na buɗe ba, shi ya sa hutun talaka ba ya samuwa sai an yanke shi a taro.

Hukumomin da za su iya yanke shi suna nan, kuma sun fi sufeton ƙwadago kusa da mutane. A Tarayyar Turai doka ta wajabta wa direban babbar mota tsayawar minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, ta kuma taƙaita tuƙin yini a kan awa 9 a mafi yawan ranaku. Ƙungiyoyin direbobi a Nijeriya da Nijar, waɗanda suka riga suka mallaki ikon tsara layi da karɓar kuɗin lodi, suna iya hana lodi ga direban da ya iso daga Legas bai kwana ba, su kuma wajabta direba biyu a kowace doguwar tafiya. Shugabannin kasuwa na iya tsayar da lokacin rufe ƙofa da ranar hutu ta karɓa-karɓa ga yaran shago, masu ababen hawa kuma su yafe balas na rana ɗaya a mako, wanda bai kai kuɗin gyaran mashin ɗin da mai gyangyaɗi ya kifar ba.