Kashi 93 cikin ɗari, ba tare da gano majinyaci ko ɗaya ba

Duk kamfanin da ya ƙera manhajar tantancewa, irin wadda ke duba hoto ko bayanan majinyaci ta ce wannan yana da cuta, wancan ba shi da ita, da lamba ɗaya yake fara talla: manhajarmu tana dacewa kashi kaza cikin ɗari. Lambar tana da daɗin ji, shi ya sa take shiga kanun labarai. Amma ita kaɗai ba ta isa a damƙa wa na'ura amanar ran ɗan Adam ba, kuma abin da aka gano a asibitin Jami'ar Mishigan da ke Amurka ya isa hujja.

Sefsis yanayi ne da garkuwar jiki ke wuce gona da iri wajen yaƙar ƙwayar cuta, har ta koma tana lalata gaɓoɓin mai ita. Yana kisa da sauri, kuma jinkirin 'yan awoyi kafin a ba da magani na iya zama ajali. Kamfanin Epic, wanda ɗaruruwan asibitocin Amurka ke ajiye bayanan majinyata a manhajarsa, ya saka wani tsari da ke bin waɗannan bayanai yana gargaɗin likitoci idan ya ga alamar sefsis na tafe. A shekarar 2021 masu bincike na Mishigan suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa tsarin a kan kwanciyar asibiti 38,455. A cikinsu, 2,552 ne aka samu sefsis, wato kimanin kashi 7 cikin ɗari.

A dakata a kan wannan bakwai ɗin. Da wani zai rubuta manhajar da ba ta duba komai, kowa ya zo ta ce lafiyarsa lau, da ta dace kashi 93 cikin ɗari a wannan asibiti, alhali ba ta ceci kowa ba. Haka lissafin yake a duk inda abin da ake nema bai da yawa, ko cutar daji ce ko zambar kuɗi a banki. Don haka masana ba sa tsayawa a jimilla, sukan raba hukuncin na'ura gida huɗu: mai cuta da ta gano, mai cuta da ta bari ya wuce, mai lafiya da ta wanke, da mai lafiya da ta ɗora wa cuta. Daga nan tambayoyi biyu ke fitowa. Cikin masu cutar da gaske, nawa ta kama? Cikin waɗanda ta yi wa gargaɗi, nawa ne ke da cutar?

Amsoshin Mishigan ba su yi daɗi ba. Tsarin ya tsallake 1,709 daga cikin masu sefsis, biyu bisa uku ke nan. A lokaci guda ya buga ƙararrawa a kan kashi 18 cikin ɗari na dukkan waɗanda aka kwantar, kuma cikin kowane gargaɗi 100, kimanin 12 ne kawai suka zama gaskiya. Wannan na biyun ya fi damuna, don shi ne ba a cika magana a kansa ba. Likita ko nas da ƙararrawa ta tayar sau goma a banza, a karo na sha ɗaya ba zai yi sauri ba, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Ana iya sassauta ma'aunin don a kama masu cutar da yawa, amma gargaɗin ƙarya zai ƙaru. A tsaurara shi, masu cuta su riƙa sulalewa. Inda za a tsaida shi hukunci ne na likitoci da masu asibiti, gwargwadon wane kuskure ya fi tsada. Akwai ma'auni guda da ke auna na'ura ba tare da an zaɓi wuri ɗaya ba: a ɗauko mai cuta ɗaya da mai lafiya ɗaya, sau nawa na'urar za ta ba mai cutar maki mafi girma? Canki-canka na ba da 0.5, cikakkiyar dacewa kuma 1. Kamfanin ya ce nasa yana tsakanin 0.76 da 0.83. A Mishigan 0.63 aka samu.

Tazarar nan tsakanin abin da maƙeri ya faɗa da abin da baƙo ya auna ta zama ruwan dare. Na'ura tana koyo ne daga misalai, kuma idan aka jarraba ta da misalai masu kama da waɗanda ta koya, tamkar ɗalibi ne da ya ga takardar jarrabawa kafin ranar zama. A 2018 wasu masu bincike sun gano cewa manhajar gano ciwon nimoniya a hoton ƙirji ta koyi gane asibitin da aka ɗauki hoton, har daga alamar ƙarfe da ma'aikata ke ɗorawa a gefe, tana amfani da wannan wajen hasashe, tunda wani asibitin ya fi wani yawan masu cutar.

Jimilla kuma tana ɓoye wanda kuskuren ke faɗa wa. Har ila yau a 2018, Joy Buolamwini da Timnit Gebru sun gwada manhajojin IBM da Microsoft da Face++ masu bambance namiji da mace a hoto, da fuskoki 1,270 na 'yan majalisun Ruwanda, Senegal, Afirka ta Kudu da ƙasashen arewacin Turai uku. A kan maza farare, kuskure bai wuce kashi 0.8 ba. A kan mata baƙaƙe ya kai 34.7 a manhajar IBM, wadda jimillar dacewarta ta kusa kashi 88. Duk asibiti ko banki a Kano ko Damagaram da aka kawo wa irin wannan manhaja, haƙƙinsa ne ya nemi a nuna masa sakamako a kan mutane irin nasa, da na'urorinsa, kafin ya sa hannu.

Shi kansa Epic, a 2022 ya sake fasalin tsarin sefsis ɗin, ya kuma shawarci kowane asibiti ya horar da shi da bayanan majinyatansa kafin ya fara aiki da shi.