Saƙar Safa da Zubin Labari Mai Jigon Muhalli

Ba banza ba manazarta adabi ke amfani da kalmomin “zaren labari”, “ƙulli” da “warwara”. Daga sana'ar saƙa aka aro su. Mai saƙar safa da kibiya da zaren ulu takan bi rubutaccen tsari. Takan soma daga bakin safar, tana ƙirga kowane layi, har ta kai dunduniya, inda saƙar ke karya kwana. Sai dai babbar wahalar tana ga ƙafa ta biyu, domin tilas ta fito daidai da ta farko.

Haka lamarin yake ga marubucin ƙagaggen labari mai littattafai a jere, musamman idan jigonsa daji ne da tsirrai da tsuntsaye. Abin da ya shimfiɗa a littafi na ɗaya ya ɗaure shi a na biyu. Yanayi ma yana da nasa tsarin. Shamuwa da gabatowar damina take zuwa. Gawo kuwa da damina yake kaɗe ganye, ya yi kore shar da rani. Marubucin da ya zaunar da tauraronsa a inuwar ganyen gawo cikin watan Agusta, manomi na farko da ya ji labarin zai ƙaryata shi.