James Richardson: Baturen da Buzaye suka kira Yakubu

Duk baƙon da ya shiga tsohon garin Agadez, ba za a rasa nuna masa gidan ƙasar da Heinrich Barth ya sauka a watan Oktoban 1850 ba. Sai dai shugaban ayarin da ya kawo Barth, wani Baturen Ingila mai suna James Richardson, bai taɓa sa ƙafa a garin ba. Yana can Tintellust cikin duwatsun Azbin, a hannun Annur, jagoran Buzayen Kel Owi, lokacin da Barth ya gangaro ya gana da Sarki Abdulƙadir.

A kan hanyar Sahara, babu mai wahalar da harshensa da "James". Yakub ake ce masa, kamar yadda shi ma Barth ya zama Abdulkarim. Za a iya ɗauka laƙabi ne kawai aka manna masa, amma waɗanda suka kira shi haka sun yi daidai, domin James da Yakubu suna ɗaya ne.

Asalin sunan daga Ibrananci yake, inda ake danganta shi da kalmar diddige, saboda labarin da ke cewa an haifi Annabi Yakubu yana riƙe da diddigen ɗan'uwansa na tagwaye. Daga nan ya shiga Girkanci, ya wuce Latin, ya rabu biyu. Reshe ɗaya ya ba da Jacob da Jacques na Faransa, ɗayan ya bi ta tsohon Faransanci ya isa Ingila a matsayin James. Ya ƙara bazuwa bayan 1603, da Sarki James na Scotland ya hau gadon Ingila. Ke nan Yacouba da ke kan katin ɗan Nijar, da Yakubu da ke kan fasfon ɗan Najeriya, da James ɗan Gana da ke jiran mota a tashar Agadez, duk takwarorin juna ne, ko da ba su sani ba.

Richardson kuwa ya fi sauƙi. Richard tsohon suna ne na Jamusawa da ke haɗa mulki da ƙarfi, wanda Normawa suka yaɗa a Ingila bayan 1066. Ƙarshen sunan na nufin "ɗa". Ɗan Richard ke nan, tamkar "ɗan" a Usman ɗan Fodiyo, ko "ag" na Buzaye a Mano ag Dayak, wanda filin jirgin saman Agadez ke ɗauke da sunansa.

A nan ne hanya ta rabu. Turawan Ingila sun daskarar da irin waɗannan sunaye ɗaruruwan shekaru da suka wuce, don haka mai suna Richardson ba sai mahaifinsa ya kasance Richard ba, kuma jikansa ma Richardson zai ci gaba da amsawa. Mu kuwa sunan uba tafiya yake da zamani. Ɗan Musa Yakubu zai zama Ali Musa, ɗan Ali kuma ya zama Sani Ali.

Wannan bambanci na iya jawo wa matafiyi ciwon kai. Takardun neman biza da na zama a ƙasashen Turai an tsara su ne bisa tunanin cewa gida ɗaya suna ɗaya. Mahaifi ya rubuta Yakubu a gurbin sunan iyali, ɗansa ya rubuta Musa, matarsa ta riƙe sunan nata mahaifin, sai jami'i ya ga mutum uku da babu abin da ya haɗa su. In aka ƙara da saɓanin rubutu tsakanin Faransanci da Ingilishi, Ousmane a takarda ɗaya, Usman a wata, aikin wata guda kan koma na shekara. Mai shirin tafiya gara ya tabbatar takardar haihuwa da fasfo da shaidar makaranta sun yi magana da baki ɗaya tun yana gida.

Shi Yakubun Ingila bai koma gida ba. Ayarin ya rabu a Damargu a watan Janairun 1851, Barth ya nufi Katsina da Kano, shi kuma ya bi ta Damagaram zai je Kukawa. Zazzaɓi ya kayar da shi a watan Maris, saura 'yan kwanaki ya isa fadar Shehun Borno.