Wa Ya Auna Tsoron Mutanen Kurfai?

A watan Maris na 2020, daidai lokacin da korona ta shigo Nijar, wasu masana su shida suka fito da wani ma'auni da suka ce zai auna tsoron cutar a zuciyar mutum. Cikinsu akwai Daniel Ahorsu, ɗan Ghana da ke wata jami'a a Hong Kong, da Amir Pakpour na Iran, da Mark Griffiths na Ingila. Mutum 717 suka fara gwadawa da su a Iran. Kafin shekara ta fita an juya ma'aunin cikin harsuna da dama, ana aiki da shi daga Turkiyya zuwa Bangaladash.

Abin ba shi da wuya. Zance bakwai ne ake miƙa wa mutum, kowane ya faɗi iyakar yardarsa da shi, daga maki 1 zuwa 5. Huɗu sun shafi tunani: ko korona ce abin da ya fi tsoro, ko tuna ta yana hana shi sakewa, ko yana jin za ta kashe shi, ko labarinta a kafafen sada zumunta yana tayar masa da hankali. Uku sun shafi jiki, wato zufar tafin hannu, rashin barci da bugun zuciya. A tara makin, a samu wani abu tsakanin 7 da 35.

Mai karatu na iya cewa aikin banza ne, to amma akwai dalili. Wani masani, Craig Harper, da abokan aikinsa sun yi amfani da ma'aunin a kan mutum 324, suka tarar cewa mai jin tsoron cutar shi ne ya fi wanke hannu da nisantar taro, kuma ra'ayinsa na siyasa bai taka wata rawa ba. Idan tsoro ya yi kaɗan, nasihar likita ba ta shiga kunne. Idan ya wuce gona da iri, sai a ɓoye marar lafiya a ƙuryar ɗaki, a guji gidan likita, har a far wa ma'aikata. A garin Womey na ƙasar Gini, a Satumbar 2014, an kashe mutum takwas da suka je wayar da kai kan Ebola. Saboda haka hukumar da ba ta san inda tsoron jama'arta ya tsaya ba, a makance take magana.

Yanzu a ɗauki wannan takarda a bi hanyar Filinge daga Yamai, a wuce Balleyara, a sauka Damana, babban garin Tondikandiya, ko a ƙarasa cikin ƙauyukan Kurfayawa, wato mutanen Kurfai. Matsala ta farko ita ce yawancin binciken da aka yi da ma'aunin nan ta intanet aka yi shi, wanda ya iya karatu kuma yake da babbar salula shi ke amsawa. Matar da ta wuni tsakanin rijiya da turmi ba ta cikin lissafi, alhali ita ke jinyar yara. Ta biyu ta fi nauyi. Ka zaunar da magidanci a ƙofar gidansa, ga ƙannensa da 'ya'yansa suna saurare, baƙo da takarda ya tambaye shi ko zuciyarsa na bugawa don tsoron mutuwa. Amsar da za a samu sananniya ce: ajali na hannun Allah. Ba ƙarya ya yi ba, imaninsa ke nan, kuma da kunya ga namiji ya ce ya firgita. Mai bincike zai rubuta maki 1, ya koma birni ya ba da rahoton cewa mutanen karkara ba su damu ba.

Sun damu, sai dai korona ta tarar da wasu masifu a gabanta. A ranar 9 ga Janairun 2020 an kashe sojoji 89 a Shinagodar, cikin yankin Banibangu, wanda har zuwa 2011 yana ƙarƙashin Wallam ne. Tun farkon wannan watan an hana hawa babur a sassan jahar Tilaberi, abin da ya karya 'yan kabu-kabu, ya kuma nisanta gidan likita da mai naƙuda. A 15 ga Maris na 2021 aka tare masu dawowa daga kasuwar Banibangu, aka kashe 58. Ga zazzaɓin cizon sauro da ke ɗibar yara kowace damina, ga rumbun da ke ƙarewa kafin gero ya nuna. Ita kuwa korona, an tabbatar da mutum na farko a Yamai ranar 19 ga Maris na 2020, kuma duk tsawon annobar alƙaluman hukuma ba su wuce mutum dubu 10 da suka kamu ba, da mamata ɗari uku da 'yan kai, a ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 20. Gwajin da aka yi kaɗan ne, gaskiya, don haka adadin na iya fin haka. Duk da haka ɗan Damana bai ga ana kai gawa maƙabarta a jere ba.

Abin da ya gani shi ne matakan da aka ɗauka. An rufe masallatai da makarantu, an killace Yamai, an kafa mata dokar hana fitar dare, an toshe iyakoki a gaban 'yan ci-rani. A Mirya ta jahar Damagaram an yi tarzoma tun cikin Maris, a Yamai kuma cikin Afrilu gab da azumi, har sai da aka buɗe wuraren ibada ranar 13 ga Mayu. Tsoron da ya cika gari shi ne na a ɗauke ka a keɓe, na a hana dangi wanka da sallar gawarka, na a rasa abin sawa a tukunya. Babu ko ɗaya daga cikin zantukan nan bakwai da ya tambayi wannan. Tiyar auna gero ce aka kai bakin rijiya.

Wanda ke son ganin tsoron cuta a Kurfai, sai ya ambaci sanƙarau. Kowa ya san lokacinsa, daga ƙurar hunturu zuwa zafin bazara, ya san wuyan da ke sandarewa, da yaron da ke wasa yau gobe babu shi, da wanda ya tashi kurma. Annobar 1996 ta kashe mutum wajen dubu 25 a ƙasashen Sahel. Ta 2015 ta kama kimanin 8,500 a Nijar, 573 suka rasu. Da aka zo da sabuwar allurar MenAfriVac a Satumbar 2010, gundumar Filinge aka zaɓa a fara da ita a duk faɗin ƙasar, ga masu shekara 1 zuwa 29. Binciken da ya biyo baya ya nuna kusan tara cikin goma sun karɓa. Kyauta ce, kuma an shirya aikin da kyau, wannan ya taimaka. Amma allurar korona ma kyauta ce da ta iso a 2021, mutane suka yi ta ja da baya. Al'umma ɗaya ce, bambancin shi ne waccan cuta sun binne 'ya'yansu saboda ita, wannan kuwa a rediyo suka ji ta.

A ganina ma'aunin su Ahorsu ya yi aikin da aka yi shi dominsa, kuskuren yana wurin mai ɗaukar makinsa a matsayin hukunci kan mutanen da ba da su aka tsara shi ba. Nijar ba ta rasa masu iya wannan aiki ba. Cibiyar LASDEL da ke Yamai ta daɗe tana tura masu bincike su zauna cikin ƙauye su saurara. Wata annobar za ta zo, kuma ya kamata ma'aikatar lafiya ta shirya tambayoyinta tun yanzu, da Hausa da Zabarmanci, baki da baki, mata daban maza daban. A bar mutum ya jera da kansa abubuwan da ke hana shi barci, a ga inda cutar ta faɗo. A haɗa da rajistar gidan likita, a duba ko masu awon ciki da masu kawo yara rigakafi sun ragu, domin raguwarsu ita ce alama ta farko cewa jama'a sun fara gudun likita.