Tiga Na Kusa Da Mu, Wa Zai Biya Kuɗin Wutar?

'Yan'uwa manoma, akwai wata tambaya da takan taso a tarurrukan ƙungiyoyinmu na gama kai a ƙasar Rano da Kibiya. Mutane sukan ce: ga madatsar ruwa ta Tiga kusa da mu, an kuma ce an kafa injin wutar lantarki a jikinta, to me ya sa har yanzu muke niƙa da man dizal, muna ban ruwa da fetur?

Tambayar tana kan hanya. Ruwa muna da shi, rana kuwa ba a magana. Abin da ke da wuya shi ne kuɗin kafa injin. Wanda zai ba da kuɗin nan, ko banki ne ko gwamnati ko kamfani, tambayarsa ta farko guda ce: wa zai sayi wutar, ya kuma riƙa biya kowane wata ba fashi? Inda aka sami amsar wannan, kuɗi yakan fito. Inda ba a samu ba, aiki yakan tsaya ko da an aza harsashi. Bari mu duba yadda abin ya gudana a ƙasarmu, sa'an nan mu ga abin da ƙungiyarmu za ta iya yi.

YADDA AKA BIYA MANYAN AYYUKA

A 1929 aka kafa kamfanin NESCO a ƙasar Jos, ya riƙa samar da wuta daga ruwan Kurra. Ba domin hasken gidaje aka fara shi ba. Kamfanonin haƙar kuza ne suke bukatar wuta, suna kuma da kuɗin biya. Masu jari sun san mai saye tun kafin su zuba kuɗinsu.

Madatsar Kainji ta fi ƙarfin 'yan kasuwa. A 1964 Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 82, ƙasashe kamar Italiya da Ingila da Amurka suka ƙara nasu, aka gama aikin a 1968. Gwamnatin Tarayya ce ta tsaya wa bashin, wato ko wutar ta sayu ko ba ta sayu ba, ƙasa ce za ta biya.

Haka aka yi a Zungeru ta Jihar Neja, mai ƙarfin megawat 700. Aikin ya ci kimanin dala biliyan 1.3. Wani bankin gwamnatin ƙasar Sin ya ba da rancen kashi 75 cikin 100, Nijeriya ta kawo kashi 25.

Ku lura da abu biyu. Na ɗaya, ba a taɓa ba da rancen duka ba, sai mai aiki ya kawo nasa, gama da ruwan ciki akan ja na rijiya. Na biyu, rancen da dala aka ci shi, da dala za a biya, amma mai sayen wuta da Naira yake biya.

LABARIN TIGA

An gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako. Domin noman rani da ruwan sha aka gina ta. Ruwanta ne yake bi ta babbar hanyar ruwa, ya ratsa Ruwan Kanya, ya shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Kusan shekara 50 ruwan yana fita daga madatsar ba ya juya injin wuta.

A 2013 Gwamnatin Jihar Kano, ƙarƙashin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, ta ba da kwangilar kafa injunan wuta a Tiga da Challawa, megawat 35 gaba ɗaya, a kan kuɗi fiye da Naira biliyan 14. Rabon Tiga megawat 10 ne. Daga baya aka rage na Challawa. Sai a farkon 2023, a zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, aka yi gwajin injunan Tiga. Shekara 10 ke nan.

A cikin shekarun nan goma kuɗinmu ya sauya ƙwarai. A 2013 dala ɗaya tana wajen Naira 160. A farkon 2023 ta kai wajen Naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta wuce Naira 1,500. Injin wuta da kayan gyaransa daga waje ake kawo su. Saboda haka duk aikin da ya yi jinkiri, kuɗinsa yana ƙaruwa ko da ba a ƙara ƙusa ɗaya a kansa ba.

Ina aka shirya kai wutar Tiga? An shirya ta ne domin injunan tace ruwa na Tamburawa da fitilun titi na birnin Kano. Wannan yakan ɓata wa mutanenmu rai, amma mu gane dalili. Gwamnatin jiha ce ta zuba kuɗin, sai ta nufi wutar inda ita kanta take kashe kuɗi mai yawa. Haka kuma tashar hasken rana mai megawat 10 da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Kumbotso a watan Janairu 2023, wadda ta ci kimanin dala miliyan 16, kusa da masana'antun Challawa aka kafa ta. Kusanci da madatsa ba shi ke kawo wuta ba. Wuta tana bin mai biya ne.

INDA KUƊIN YAKE MAƘALEWA

A 1972 aka kafa NEPA, ita kaɗai take samar da wuta, ta kai, ta raba. Dokar 2005 ta rarraba ta, a watan Nuwamba 2013 kuma aka miƙa yawancin kamfanonin ga 'yan kasuwa. Tun daga lokacin wuta takan bi hannu uku: mai samarwa, mai ɗauka a manyan wayoyi, da mai rabawa. Mai rabawa a Kano da Katsina da Jigawa shi ne KEDCO.

Wuta tana gangarowa daga sama zuwa ƙasa, kuɗi kuwa daga ƙasa yake hawa sama. In mai gida bai biya ba, ko ba shi da mita, ko an saci wutar a hanya, mai rabawa ba zai cika wa mai samarwa kuɗinsa ba. Mai samarwa kuma ba zai biya banki ba. A 2025 kamfanonin samar da wuta suka ce bashin da suke bi ya kai Naira tiriliyan 4. Banki yana ganin haka, ba zai yi gaggawar ba da sabon rance ba. Ƙauye mai nisa, inda za a kafa turaku da yawa domin gidaje kaɗan, shi ne na ƙarshe a layi.

ƘOFAR DA TA BUƊE

Duk da haka akwai hanya. Doka ta yarda wani kamfani ya kafa ƙaramar tashar hasken rana a gari guda, ya ja waya zuwa gidaje da shaguna, ya sayar da wuta ta mita. Hukumar Samar Da Wutar Lantarki A Karkara, wadda ake kira REA, ita ke tallafa wa irin wannan aiki. A 2018 Bankin Duniya ya ba Nijeriya rancen dala miliyan 350 domin wannan, a watan Disamba 2023 kuma ya amince da wasu dala miliyan 750. A 2023 ɗin nan aka gyara tsarin mulki, aka kuma yi sabuwar dokar lantarki, jihohi suka sami ikon tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu.

Kada mu ji waɗannan miliyoyi mu zaci za a zo a raba mana. Tallafin kamfani ake ba, yawanci kuma sai bayan ya haɗa gidaje da wuta an zo an ƙirga. Sauran kuɗin shi zai nemo, ya mayar daga abin da za mu riƙa biya. Don haka kamfanin ma tambayarsa ita ce ta banki: wa zai biya? A 2018 aka kai wutar hasken rana kasuwar Sabon Gari ta Kano, domin 'yan kasuwar sun riga sun saba biyan kuɗin janareta kowace rana. Ba a nemi su kawo sabon kuɗi ba, wanda suke ƙonawa ne aka juya.

Mu ma muna da irin wannan kuɗi, sai dai ba mu rubuta shi ba.

MU YI LISSAFI

Ga misali. Ba lissafin wata ƙungiya ba ne, mun tsara shi ne domin koyo. Kowace ƙungiya ta sa nata adadi.

A ce ƙungiya tana da mutum 40. Injin niƙa da na casar shinkafa suna shan man Naira 150,000 a wata, wato Naira 1,800,000 a shekara. Injunan ban ruwa suna shan fetur na Naira 200,000 a wata har wata 5 na rani, wato Naira 1,000,000. Jimla Naira 2,800,000 kowace shekara.

A ce kayan hasken rana da za su yi wannan aiki za su ci Naira 8,000,000. Kowane ɗan ƙungiya ya kawo Naira 50,000, an tara 2,000,000. Saura 6,000,000 sai rance. Daga kuɗin man da aka huta saye, a ware Naira 800,000 kowace shekara domin gyara da mai gadi, a biya bashi da 2,000,000.

In kuɗin ruwa 10 cikin 100 ne a shekara, za a gama biya a shekara ta 4. In 30 cikin 100 ne, a shekarar farko Naira 1,800,000 za su tafi a kuɗin ruwa kaɗai, uwar kuɗin ta ragu da 200,000 tak, ba za a gama ba sai a shekara ta 9. Kada a ce 30 ya yi yawa. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai nasa ma'aunin kashi 27.5, bankunan kasuwa kuwa sama da nan suke ba da rance. Inji ɗaya, rana ɗaya, amma wannan ƙungiya ta tsira, waccan ta nutse. Bambancin yana wajen irin kuɗin da aka karɓa.

KUƊI IRI HUƊU

Kowane aikin wuta, babba ko ƙarami, yana bukatar kuɗi iri huɗu.

Na farko, namu na kanmu: adashi, hannun jari, ko buhunan da aka ajiye da kaka. Shi ke sa a saurare mu.

Na biyu, tallafi, daga gwamnati ko masu taimako. Yana rage nauyi, amma sau ɗaya yake zuwa.

Na uku, rance. A karɓe shi da Naira, gama Naira muke samu. A nemi a daidaita lokacin biya da lokacin girbi.

Na huɗu, kuɗin gyara. Shi ne aka fi mantawa. Dukanmu mun ga rijiyoyin burtsatse da fitilun titi da aka kafa kyauta, suka mutu domin ba a tanadi kuɗin ƙaramin gyara ba. Faifan hasken rana yakan yi shekara 20 ko fiye, amma batir ba ya kai haka, yana kuma da tsada. Shi ya sa muke ba da shawara a fara da aikin da ake yi da rana tsaka, kamar ban ruwa da niƙa, wanda ba ya bukatar batir mai yawa. Hasken dare ya biyo baya.

ABIN DA ZA MU YI

1. A tabbata ƙungiya tana da rajista a ofishin gama kai na gwamnati, tana kuma da asusu a banki da sa hannun mutum uku.

2. Magatakarda ya buɗe littafi dabam, ya riƙa rubuta kuɗin mai na kowane inji har wata 6, da rani da damina. Wannan littafi ya fi doguwar wasiƙar roƙo ƙarfi a gaban banki.

3. A ƙirga masu sana'a na gari duka: masu niƙa, masu walda, teloli, masu cajin waya, masu sayar da ruwan sanyi, ɗakin shan magani da makaranta. Ƙungiyar ikkilisiya ita kaɗai ba za ta cika lissafin tashar gari ba. A tafi wurin dagaci da masu unguwa, a zauna da maƙwabtanmu Musulmi tun daga farko, a yi kwamiti ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

4. A sa mata cikin kwamitin kuɗi. Su ne suke biyan kuɗin niƙa kullum, sun fi kowa sanin abin da gida zai iya ɗauka.

5. In kamfani ya zo, a yi masa tambayoyi a gaban jama'a. Nawa ne kuɗin wuta? Wa zai iya ƙara shi, kuma yaushe? Awa nawa za a samu a rana? Wa zai sayi sabon batir? In wutar gwamnati ta iso garin, ina makomar tashar? A ina kuka taɓa yin irin wannan aiki, mu aika mutum biyu su gani da ido?

6. Kada a sa hannu a takardar da ba a karanta wa jama'a da Hausa ba. Kada a ba da gonar kowa jingina. Kada a ba kowa kuɗin fom ko na "buɗe hanya" ba tare da rasit ba.

Wata ƙungiya za ta yi lissafi ta ga bai fita ba tukuna. Ba abin kunya ba ne. Gara a jira kaka biyu ana tara jari da a ci bashin da zai raba 'yan'uwa. Wata kuma za ta ga famfon ban ruwa guda na hasken rana ne daidai ƙarfinta a bana. Sai ta fara da shi, ta biya, ta kafa suna, gama wanda ya biya ƙaramin bashi shi ake ba babba.

Muna roƙon shugabanni da ma'aji na ƙungiyoyin Rano da Kibiya su fara rubuta kuɗin mai tun daga wannan wata. Ku zo da littattafanku taron bayan kaka, mu zauna tare mu yi lissafin kowace ƙungiya ɗaya bayan ɗaya.