Ko Ka San Farantin Tarho Da Ya Koma Sauraren Sama?

Duk mutumin Zangon Kumasi da ya taɓa hawa mota zuwa Accra ya bi ta kusa da shi, yawanci yana gyangyaɗi. Bayan an wuce Nsawam, a garin Kuntunse, akwai wani ƙaton farin faranti mai faɗin mita 32. Ba don taurari aka kafa shi ba. Tun 1981 aikinsa shi ne kai kiran tarho daga Ghana zuwa ƙasashen waje ta tauraron ɗan Adam. Da wayoyin ƙarƙashin teku suka zo, sai ya rasa aikin yi.

Maimakon a sayar wa 'yan gwangwan, injiniyoyin Ghana da na Afirka ta Kudu suka gyara shi, Shugaba Akufo-Addo ya buɗe shi a Agustan 2017. Farantin da ya sha jin "kowa lafiya, a turo kuɗi" yau shi ke kasa kunne ga sararin samaniya! Wurin ma ya dace, domin Ghana tana dab da layin tsakiyar duniya, saboda haka yana hango saman arewa da na kudu.

Abin da ya fi burge ni shi ne duk saƙon da irin waɗannan na'urori ke kamawa tsohon labari ne. Hasken Andromeda, maƙwabciyar tarin taurarinmu, sai ya yi shekara miliyan 2.5 a hanya. Wanda ya hangi nesa, tsohon zamani ya hanga. Ta haka masana suka gano cewa shekara kusan biliyan 10 da suka wuce, haihuwar sababbin taurari ta ninka ta yau wajen sau goma.

Tarin taurari irin su Andromeda da namu kuwa zaman ƙungiya suke yi, kuma rabon haske a tsakaninsu yana sauyawa. Manya suna haɗiye ƙanana, su ƙara haske, kamar babban dillali a kasuwar Kejetia da ke janye cinikin maƙwabta. A wasu tsofaffin ƙungiyoyi har ya rage ƙato ɗaya tak, sai 'yan mitsi-mitsi kewaye da shi. Namu tarin ma ba kanwar lasa ba ne: a 1994 aka gano yana cikin haɗiye wani ƙarami mai suna Sagittarius, kuma har yanzu bai gama ba.