Karanta Ƙagaggun Labarai a Intanet, Saka Su da Adana Su: Daga Kano Zuwa Gadarif

1.0 Gabatarwa

Akwai wani nau'in rubutu da ya yaɗu a intanet wanda masu yin sa ke kira fanfik a Turance. Shi ne labarin da mai sha'awar wani littafi ko fim yake rubutawa da kansa, ya ari taurarin da wani ya ƙirƙira, ya ɗora musu sabon labari. A wannan takarda za a kira shi labarin ɗori. Manyan rumbunansa su ne FanFiction.net, wanda aka buɗe a 1998, da Archive of Our Own, wanda ya fara karɓar jama'a a 2009. Akwai kuma Wattpad, da aka kafa a Toronto ta ƙasar Kanada a 2006, inda ake saka labaran ɗori da ma waɗanda marubuci ya ƙaga tun daga tushe.

Aron taurari ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Gizo da Ƙoƙi ba su da mai su, kowace kaka tana iya ƙulla musu sabuwar tatsuniya. Haka nan Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Turawa da Indiyawa, ya yi musu riga da wando na Hausa a cikin Magana Jari Ce. Sai dai akasarin abin da marubutan Hausa ke sakawa a intanet labarai ne nasu na kansu. Duk da haka kayan aikin iri ɗaya ne, matsalolin ma haka. Manufar takardar ita ce nuna wa ɗalibi cewa yadda aka buga labari, da sunan da aka ba shi, da wurin da aka ajiye shi, su ne ke sa a same shi gobe ko kuwa ya salwanta. An ɗauki Gadarif ta ƙasar Sudan a matsayin ma'auni, domin duk dabarar da ta yi wa mai karatu na can amfani, to za ta yi wa na ko'ina.

2.0 Daga kasuwa zuwa waya

Tun daga tsakiyar shekarun 1980 aka sami bunƙasar littattafan da aka fi sani da adabin kasuwar Kano. Marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu, da Ado Ahmad Gidan Dabino, da Bilkisu Ahmed Funtuwa sun riƙa fitar da littattafai ƙanana masu araha, yawanci kashi-kashi: na ɗaya, na biyu, na uku. Mai karatu ya saba ya gama kashi ɗaya, ya jira na gaba. Da wayar hannu mai intanet ta wadata, sai wannan ɗabi'a ta koma Facebook da WhatsApp da Wattpad. Abin da a da ake kira kashi, yanzu ya zama feji. Marubuciya takan buga feji ɗaya a wayarta, ta tura zaure, masu karatu su yi sharhi, ta ci gaba washegari. Da yawa sukan saki shafukan farko kyauta, sannan wanda ke son sauran ya biya ta banki ko da katin waya, a saka shi a zauren waɗanda suka biya.

3.0 Me ya sa Gadarif?

Gadarif gari ne a gabashin Sudan, kusa da iyakar Habasha, kuma ya shahara da noman dawa da riɗi. Hausawa sun daɗe a wannan yanki. Wasu jikokin mahajjata ne da suka bi hanyar Makka a ƙasa suka yada zango, wasu kuwa kakanninsu sun yi hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gaɓar Kogin Nilu. Aikin gona ya ƙara jawo wasu zuwa Gadarif daga baya. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya yi nazari a kan Hausar Sudan da yadda Larabci ya shige ta, a littafin da ya fitar a 1999.

Abubuwa biyu ne suka sa mai karatu na Gadarif ya zama ma'auni mai kyau. Na farko, Hausa ce harshensa na gida, amma da Larabci ya yi makaranta, saboda haka boko ba shi ne rubutun da idonsa ya fara sabawa da shi ba. Na biyu, intanet ba abin dogaro ba ce a wurinsa. An katse ta a faɗin Sudan na tsawon makonni a 2019, aka sake katsewa a 2021. Bayan ɓarkewar yaƙi a watan Afrilun 2023, Gadarif ta karɓi ɗimbin waɗanda suka gudo, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a watan Disambar wannan shekara, kuma a Fabrairun 2024 layukan sadarwa suka ɗauke a kusan duk ƙasar. A irin wannan hali, labarin da ba a sauke shi cikin waya ba, tamkar babu shi ne.

4.0 Karantawa

Matsalar farko da ɗalibi zai ci karo da ita ita ce ta haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ. Marubutan intanet ba su bin ƙa'ida ɗaya. Kalmar ƙasa kaɗai ana iya ganin ta da siffa huɗu: ƙasa, k'asa, qasa, kasa. Wasu kuma suna sa x a madadin z, su rubuta xan xo maimakon zan zo. Ga wanda ya tashi da harshen, jimla ce ke warware masa ma'ana. Ga mai koyo kuwa, rashin lanƙwasa yana iya rikita shi, domin bambancin yana da yawa:

baki da baƙi
kafa da ƙafa
bata da ɓata
kare da ƙare

Wannan ya shafi bincike kai tsaye. Injin bincike na yawancin manhajoji yana ɗaukar k da ƙ a matsayin haruffa biyu daban. Wanda ya nemi labari mai kalmar ƙaddara a sunansa, ba lalle ne ya ga wanda aka rubuta kaddara ko qaddara ba. Dabarar ita ce a gwada kowace siffa bi da bi, ko kuma a zaɓi wata kalma daga sunan labarin wadda ba ta da lanƙwasa, a haɗa ta da sunan marubucin.

Abu na biyu shi ne saukewa. Archive of Our Own tana ba da damar sauke kowane labari ɗungurungum, a siffar EPUB ko PDF ko wasunsu. Ga ƙaramar waya EPUB ta fi, domin rubutun yana bin faɗin allo, ana kuma iya ƙara girman haruffa. PDF kuwa shafinta a kafe yake, sai an yi ta ja dama da hagu. Fayil na rubutu zalla, wato TXT, shi ne mafi sauƙin nauyi: dogon littafi bai kai nauyin hoto ɗaya ba, kuma ana iya tura shi daga waya zuwa waya ta Bluetooth ba tare da intanet ba.

Ga wanda ke jin Hausa amma boko ke yi masa wuya, akwai tashoshin YouTube da ake karanta littattafai da murya, kamar yadda gidajen rediyon Arewa suka daɗe suna yi. Ɗalibi ma zai amfana idan ya buɗe rubutun yana bi da ido yayin da yake sauraro, domin rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, kunne ne ke kama su.

5.0 Sakawa

Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, masu buga Hausa a kwamfuta sun dogara ne da haruffa na musamman, irin su Rabi'at da Abdalla waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙera. Sun yi amfani ƙwarai, amma idan aka buɗe takardar a kwamfutar da ba ta da su, sai lanƙwasassun haruffan su rikiɗe su zama wasu alamomi. Yanzu kowane harafi yana da lambarsa ta dindindin a Unicode. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, haka ma Keyman, wanda ke aiki a waya da kwamfuta. Abin da ya rage wa marubuci shi ne ya adana fayil ɗinsa da tsarin UTF-8, kada haruffan su koma alamar tambaya. Ya kamata kuma ya tsaya a kan ƙa'ida ɗaya: a Nijeriya ana rubuta 'ya'ya, a Nijar kuwa ƴaƴa, kowanne daidai ne, amma gauraya su a labari ɗaya yana ɓata bincike.

Akwai wata matsala da ta fi damun wanda ke haɗa boko da Larabci. Boko daga hagu yake farawa, Larabci daga dama. Manhajoji da yawa suna duba harafin farko na sakin layi su yanke inda zai fuskanta. Idan aka buɗe sakin layi da addu'a cikin haruffan Larabci, sannan aka ci gaba da boko, sai a ga aya da waƙafi sun yi tsalle zuwa inda ba wurinsu ba. Maganin abin shi ne a ba Larabcin layinsa shi kaɗai. Mai son rubutu da ajami kuwa zai iya amfani da haruffan Alkalami, waɗanda ƙungiyar SIL ta tsara bisa salon rubutun Kano, amma ya sani ajami ba shi da daidaitacciyar ƙa'ida guda, don haka neman labarinsa zai fi wuya. Yana da kyau ya rubuta sunan labarin da boko a gefe.

Kowane feji ya kamata ya ɗauki abu uku a samansa: sunan labari, sunan marubuci, da lambar fejin. Dalili kuwa shi ne saƙon WhatsApp yana yawo shi kaɗai daga zaure zuwa zaure. Fejin da ba shi da suna ɗan tsintuwa ne, kowa na iya cewa nasa ne. Yawan ado da furanni da taurari a saman shafi ba ya hana sata, sai dai ya cika allo.

Sai batun alamomin rarrabewa, wato gajerun kalmomin da ake maƙala wa labari don a san irinsa. Archive of Our Own ta yi fice a nan: marubuci yana nuna tushen labarin da ya ara, da taurarinsa, da shekarun da ya dace da su, da gargaɗi idan akwai abin da zai tayar da hankali, kuma akwai masu aikin sa kai da ke haɗa alamomi masu ma'ana ɗaya wuri guda. A Wattpad marubuci ne ke zaɓa da kansa, don haka ya fi kyau ya sa kalmomi sanannu kamar hausa, soyayya, tarihi, barkwanci. Wanda ya rubuta labarin ɗori wajibi ne ya ambaci mai asalin taurarin, kuma al'adar masu wannan rubutu ita ce ba a sayar da shi, saboda haƙƙin mallaka.

6.0 Tsarawa da adanawa

A watan Nuwamban 2023 aka rufe OkadaBooks, dandalin sayar da littattafai na Nijeriya wanda Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, kuma marubutan Hausa da dama sun kasance suna sayar da littattafansu a can. Darasin a fili yake: dandali kamfani ne, yana iya rufewa. Zauren WhatsApp ma yana iya watsewa, waya tana iya faɗawa ruwa ko a ƙwace ta a hanya. Don haka marubuci ya fara rubutu a fayil nasa, sannan ya kwafa zuwa dandali, kuma ya ajiye kwafi a wuri biyu aƙalla, misali katin ajiya na waya da akwatin imel.

Sunan fayil ma yana da ƙa'ida. Wasu na'urori suna jera lambobi harafi bi harafi, sai feji na 10 ya riga na 2. Idan aka rubuta 01, 02, 03, ko 001 ga labari mai tsawo, jerin zai tafi daidai. Ya fi dacewa kowane marubuci ya sami jakarsa, kowane labari kuma jakarsa a ciki. Mai kwamfuta zai iya amfani da Calibre, manhaja ce ta kyauta da ke jera littattafai bisa marubuci da harshe, tana kuma juya fayil daga wata siffa zuwa wata. Ɗalibin da ke tara labarai don nazari ya rubuta ranar da ya sauke kowanne da inda ya samo shi, domin marubuci yana iya gyara feji ko ya goge shi gaba ɗaya. Adanawa don karatun kai daban take da rarrabawa: tura littafin kuɗi ga waɗanda ba su biya ba cin gumin marubuci ne.

7.0 Kammalawa

An ga cewa labaran intanet magada ne na adabin kasuwar Kano, kuma sun kai inda ɗan littafin takarda bai cika kaiwa ba. Amma isarsu hannun mai karatu irin na Gadarif ta rataya ne a kan ƙananan abubuwa: harafi mai lanƙwasa da aka buga daidai, suna a saman kowane feji, fayil marar nauyi, da kwafin da ba ya bukatar intanet. Ga ɗalibin Hausa, waɗannan labarai taska ce ta harshen yau da kullum, musamman maganar mata da matasa, muddin ya riƙa kwatanta rubutunsu da daidaitacciyar Hausa.

Aiki: ɗalibi ya zaɓi feji ɗaya daga kowane labarin Hausa na intanet, ya sake rubuta shi bisa ƙa'ida, sannan ya jera kalmomin da ma'anarsu ta canza bayan an mayar musu da lanƙwasarsu.